Wai da gaske za a fara cirar haraji daga kuɗin da muka ajiye a banki?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka. Ana ta yawo da wata murya a WhatsApp cewa daga Janairun 2026 duk kuɗin da ke asusun mutum na banki gwamnati za ta riƙa cirar kaso, wai har da kuɗin da ɗan uwa ya turo maka. Malamai mata biyu a makarantarmu har sun kwashe 'yan kuɗinsu sun mayar gida. Ni abin da nake tarawa na kayan ɗakin 'yata ne, ba wasu masu yawa ba, amma ba zan so a taɓa min su ba. Gaskiya ne?

Malam Habu Akanta:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba haka dokar ta ce ba. Dokoki huɗu ne na haraji Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, kuma a kan abin da mutum ya samu ake biyan harajin, wato albashi ko ribar sana'a, ba a kan abin da ya ajiye ba. Kyautar da ɗan uwa ya turo miki ba ta cikin lissafi. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Miliyan biyu da dubu ɗari biyu da ke biye ne ake ɗaukar 15 cikin ɗari, daga nan ya riƙa hawa har 25 ga manyan masu samu. Mai mafi ƙarancin albashi, wato 70,000 a wata, yana samun 840,000 a shekara, idan aka cire kason fansho da sauran rangwame sai ya faɗo inda ba ya biyan komai. Naira 50 ɗin da ake cira idan an tura 10,000 zuwa sama kuwa tsohon abu ne, an daɗe ana yi.

Ki gaya wa waɗannan malamai su mayar da kuɗinsu. A gida akwai ɓarawo, akwai gobara, akwai baƙon da zai zo da kuka ki kasa hana shi.

Maman Ummi:
Alhamdulillah. Allah ya saka da alheri Malam, wallahi ka sauke min nauyi.

Malam Habu Akanta:
Amin. Sai dai Hajiya, tunda kin taso da maganar, ba zan bar ki da rabin gaskiya ba. Harajin da kike tsoro babu shi, amma akwai wanda aka daɗe ana karɓa daga ajiyarki ba tare da alat ya shigo wayarki ba. A Mayun 2023 hauhawar farashi tana wajen 22 cikin ɗari. Zuwa Disamban 2024 ta kai 34.8, na abinci kuma ya taɓa haura 40 a tsakiyar shekarar. A daidai lokacin, abin da banki ke ɗora wa asusun ajiya bai wuce wajen 8 cikin ɗari ba, shi ma ga wanda yake karɓa. Ki lissafa: idan kaya sun tashi da 30, aka ƙara miki 8, kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin kuɗinki ya tafi a shekara guda. Lambar da ke cikin asusun tana nan yadda take, amma katifar da kuɗin za su saya bara, bana ba za su saye ta ba. Kamar gara ce a rumbu, daga waje komai lafiya.

Sadiq:
Malam Habu, da girmamawa, kana haɗa abu biyu. Hauhawar farashi aikin Babban Banki ne, shi ke kula da yawan kuɗi da kuɗin ruwa. Haraji da kasafi kuma na Ma'aikatar Kuɗi da Majalisa. Kada mu ɗora wa kasafi laifin da ba nasa ba.

Malam Habu Akanta:
A littafi haka ne Sadiq. A Najeriya kuwa bangon da ke tsakaninsu an daɗe da rushe shi. Gwamnatin Buhari ta yi shekaru tana kashe fiye da abin da take samu, idan giɓi ya fito sai ta juya ga Babban Banki ta ci bashi kai tsaye. Doka ta ce wannan bashi kada ya wuce 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Aka yi ta ci har ya kai tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a watan Mayun 2023 a mayar da shi bashi mai dogon zango. Daga ina Babban Banki ya samo waɗannan kuɗi? Ba wanda ya ajiye su a wurinsa, ƙirƙirar su aka yi. Kuɗi suka ƙaru a gari, buhunan shinkafa da siminti ba su ƙaru ba. To giɓin kasafi ne ya haifi wannan, mai ajiyar naira kuma shi ya biya.

Sadiq:
Madalla, to ka zo inda nake. Me ya fi komai buɗe wannan giɓin? Tallafin mai. A 2022 kaɗai ya ci sama da tiriliyan 4. A kasafin 2023 an ware tiriliyan 3.36 na wata shida kacal. Bashi ake ci a biya, kuma wani kaso na man a ƙetaren iyaka yake ƙarewa. Mai motoci huɗu a Abuja ya fi mai keke a Gumel amfana nesa ba kusa ba. Idan har giɓi ne ke cinye ajiyar talaka, to cire tallafi taimakon mai ajiya ne, ko da ya yi ɗaci a farko. Ga shi yanzu alƙaluman hukumar ƙididdiga sun sauko ƙasa da 20 cikin ɗari, naira ta ɗan tsaya.

Hajiya Balaraba Uwar Adashi:
Ɗana Sadiq, bari in ba ka nawa alƙaluman, ba daga ofis ba, daga littafin zubi. Na daɗe ina riƙe adashin mata a unguwarmu. Kafin a cire tallafi, in mace ta yi kwasa za ka ji ta ce keken ɗinki za ta saya, ko firiza ta fara ƙanƙara, ko tunkiya biyu, ko ta ƙara wa 'yarta kwanuka. Kuɗin suna zama wani abu da ido zai gani. Yanzu kafin ranar kwasa ta zo kuɗin sun riga sun ƙare a baki: bashin mai kanti, kuɗin makaranta, maganin hawan jini na maigida. Masu zubi da yawa sun rage hannu, wasu sun fita gaba ɗaya, kuma ba don rashin amana ba. Kowa kuma ɗaukar farko take roƙo, ba wadda ke son ta ƙarshe, domin mata sun gane da kansu cewa wadda ta ɗauka a ƙarshen zagaye kuɗin da ta karɓa ba su kai waɗanda ta zuba ba a wajen saye. Da ana neman ɗaukar ƙarshe saboda biki ko sallah. Wannan canjin ni a idona ya faru.

Man da ake saya ƙasa da naira 200 ya koma sama da 500 cikin kwana biyu, daga baya ya haura 1,000. Mai adaidaita ya ƙara, mai niƙa ya ƙara, mai ruwa ya ƙara. Abin da ake ragewa a cefane a jefa a asusu shi ne ya tafi.

Sadiq:
Hajiya ban musa ko ɗaya ba, a gidanmu ma haka ne. Abin da nake cewa shi ne da an ci gaba da tallafin, da inda za mu faɗa ya fi nan muni.

Malam Habu Akanta:
Wannan zai iya zama gaskiya Sadiq, ni ma ban taɓa kare tallafin yadda ake yin sa ba. Amma duba yadda aka jera abubuwan. 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi. Tsakiyar Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, fiye da sau uku. Sabon mafi ƙarancin albashi kuwa sai Yulin 2024, sama da shekara guda bayan bugun farko. A wannan tsakanin da me mutane suka rayu? Da ajiyarsu. Aka sayar da awaki, aka sayar da 'yan kunne, aka fasa asusu, aka sayar da fili. Gwamnati ta gyara littafinta, gidaje suka cike gurbin da abin da suka tara shekara da shekaru. Kuma giɓin bai rufe ba. Kasafin 2025 tiriliyan 54.99 ne, sama da tiriliyan 14 a ciki na biyan bashi ne.

Saukar alƙaluma kuma a yi hattara da ita. A farkon 2025 hukumar ta sauya ma'aunin lissafin, lambar ta faɗo daga 34.8 zuwa wajen 24 da rabi a tashi ɗaya. Sannan ko da ta sauka da gaske, ma'anarta kaya sun rage saurin tashi, ba wai sun koma inda suke ba.

Baba Mai Ritaya Zariya:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, ni nake faɗa. Na ga Udoji a 1975, aka ba ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a dunƙule, kowa ya tafi sayen babur da rediyo, kafin shekara ta zagayo kasuwa ta haɗiye ƙarin. Na ga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986, lokacin da waɗanda suka yi ritaya da giratuti mai kauri suka wayi gari kuɗin ba sa iya rufin ɗaki. Saboda haka abin da Malam Habu ke faɗa ba sabo ba ne a wurinmu.

Amma akwai ajiyar da ba ku ambata ba, wadda ma'aikaci ba shi da zaɓi a kanta. Tun dokar fansho ta 2004 ake yin ta, bayan gyaran 2014 kuma ana cire 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara 10. Wannan ajiya ce ta dole, kuma a asali tunani ne mai kyau, domin mun ga tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa a tsohon tsari. Kuɗin nan yanzu sun haura tiriliyan 20. Ku tambaya ina aka zuba su. Fiye da rabi bashi aka ba gwamnatin tarayya. Wato gwamnati ta wajabta maka ajiya, ta ranci ajiyar, sannan ta biya ka da nairar da ta riga ta rage wa ƙarfi. Wanda aka cire wa dubu goma a 2010, lokacin dala tana wajen 150, ku duba abin da dubu gomar nan da ribarta za su saya masa yau. Ƙannena da suka yi ritaya a sabon tsarin, abin da ake ba wasunsu a wata ba ya kai su tsakiyar wata.

Maman Ummi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa tunanin inda kuɗin fanshonmu suke ba, ni dai ina ganin an cire a takardar albashi.

Alhaji na Dawanau:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma bari in faɗi namu. Mu a nan Arewa bankin talaka buhu ne. Malamin makaranta, ɗan sanda, matar aure, in kaka ta yi sai ya sayi masara ko gero ko wake buhu biyar, buhu goma, ya ajiye zuwa bazara ko damina ya sayar. Shekara da shekaru wannan ya fi banki, musamman 2023 da 2024, wanda ya ajiye ya ga riba. Sai a Yulin 2024 gwamnati ta ce ta ɗage harajin shigo da masara, alkama, shinkafar da ba a gama gyarawa ba da wake na kwana 150. Kaya suka shigo, damina kuma ta yi kyau. Waɗanda suka sayi hatsi da tsada a kakar 2024 suka ajiye, a 2025 farashi ya yi ta sauka a gabansu. Na san mutanen da suka sayar da fili suka zuba a masara, suka fita da ƙasa da uwar kuɗinsu, ga kuɗin sito, ga na magani. Manomi kuma ya sayi taki da tsada, ya zo sayar da amfani buhu bai biya taki ba.

To ku gaya min. Ka ajiye naira, ta narke. Ka ajiye hatsi, a wayi gari da sanarwa ɗaya daga Abuja ya karye. Ina mutum zai sa kansa?

Maman Ummi:
Alhaji ka yi haƙuri, a nan kam ba na tare da kai. Mu masu saye da kwano saukar nan ita ce numfashin farko da muka yi. A 2024 akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ribar da ka ce masu ajiya sun gani, daga cikin tukunyarmu ta fito. Ba a manta ba a Fabrairun 2024 har rumbuna aka rufe a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci.

Alhaji na Dawanau:
Hajiya, ki raba mai tirela ɗari da bazawara mai buhu uku. Wanda ya saya lokacin da kaya suka yi yawa a kaka ya fitar lokacin da suka yi ƙaranci, shi ke sa a samu abinci a kasuwa a watan Yuli. In kowa ya daina ajiya, manomi zai zubar da kaya a kaka a wulaƙance, damina kuma a rasa. Ban ce a bar mutane da yunwa ba. Na ce gwamnati ta riƙa faɗin abin da za ta yi tun kafin a yi shuka, kuma in za ta karya farashin hatsi ta karya na taki tare. Bana manoma da yawa sun ce za su rage masara. In suka rage, ke za ki fara ji a kwano.

Malam Habu Akanta:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma wurin da maganarku ta haɗu shi ne abin da ya fi damuna. Mutum ba ya ajiya sai yana iya hasashen gobe. A 2019 aka rufe iyakoki don a kare manomin shinkafa, mutane suka zuba dukiya a noma da injinan casa. Bayan 'yan shekaru aka buɗe ƙofa aka ɗage haraji. Ƙarshen 2022 aka ce za a canja takardun naira, wanda ya ajiye a gida ya kwana a layin banki, wanda ya ajiye a banki ya kasa ciro nasa, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Maris ɗin 2023. Mutumin da aka yi wa haka sau uku, in ya ji murya a WhatsApp ta ce za a cire masa kuɗi, me zai hana shi yarda? Kuma irin wannan ne ke tura mutane hannun 'yan damfara. Wanda ya ga kuɗinsa na narkewa, in aka ce masa za a ninka cikin wata guda, sai ya rufe ido. Haka aka yi a MMM a 2016, haka aka sake a CBEX a Afrilun 2025.

Sadiq:
To Malam, maimakon mu tsaya a kuka, ai akwai mafita a cikin tsarin. Tunda gwamnati na cin bashi da tsada, talaka ma ya zama mai ba ta. Ofishin kula da basussuka, DMO, tun Maris ɗin 2017 yake sayar da takardun ajiya na gwamnatin tarayya duk wata, daga naira 5,000, na shekara biyu ko uku, ana biyan riba duk wata uku. Abin da suke bayarwa ya fi na asusun ajiya. Mu kuwa muna nan muna ajiya a ƙarƙashin katifa.

Malam Nasiru:
Sadiq, ba rashin sani kaɗai ke hana mutanenmu ba. Wannan bashi ne da aka sharɗanta ƙari a kansa, kuma hukuncinsa a wurinmu sananne ne. Mutane da yawa ko ɗan abin da banki ke ɗora wa asusun ajiya ba sa taɓawa. Ka ga ke nan lissafin Malam Habu na 8 cikin ɗari ma bai shafe su ba, su asararsu cikakkiya ce. Duk lokacin da gwamnati ta bar farashi ya hau ta ce ai an ƙara kuɗin ruwa don a rama wa masu ajiya, to Musulmin da ke gudun riba an bar shi a baya. Abin da ya fi kusa da mu shi ne Sukuk, takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 da biliyan 100, ana gina tituna da kuɗin, abin da ake biya kuma haya ce. Ana shiga daga naira 10,000. Matsalarsa ba kullum ake fitar da shi ba, kuma kafin labari ya iso ƙauye an rufe. Da gwamnati na son ajiyar mutanen Arewa da gaske, da ta mayar da ƙaramin Sukuk abin saye duk wata kamar wancan, a same shi a Jaiz da TAJ da Lotus da sauran bankuna cikin sauƙi.

Abdul Kumasi:
Salam 'yan uwa, ina bin ku daga Kumasi. Kafin kowa ya ɗauki dukan ajiyarsa ya ba gwamnati bashi, ku ji abin da ya same mu. Mu ma an ce mana babu abin da ya kai takardar gwamnati aminci. A Disamban 2022 farashi ya hau sama da 54 cikin ɗari, gwamnati ta kasa biyan bashi, ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya fito da shirin musanya takardun bashin cikin gida. Aka ce ka kawo takardarka a ba ka sabuwa, riba ta ragu, lokacin biya ya yi nisa. An ce ganin dama ne, amma kowa ya san halin da ake ciki. Tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zama a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Accra suna neman haƙƙinsu, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su. Ga kuma harajin tura kuɗi ta waya da aka sa a 2022, 1.5 cikin ɗari. Mata 'yan kasuwa a zango suka koma riƙe tsabar kuɗi. An rage shi, daga baya aka soke a 2025. Ban ce Najeriya za ta bi wannan hanya ba. Na ce ku riƙa duba nawa gwamnati ke samu, nawa take biyan bashi, kafin ku miƙa.

Sadiq:
Bambancin shi ne bashin cikin gida na Najeriya da naira ne, ba ta taɓa ƙin biyan masu waɗannan takardu ba.

Malam Habu Akanta:
Na Ghana ma da sidi ne Sadiq. Gaskiya ne tamu ba ta ƙi biya ba. Amma gwamnati mai bashi da kuɗinta tana da hanya biyu ta rage nauyi: ta fito fili ta ce ba za ta iya ba, ko ta biya cif da kuɗin da suka rage daraja. Ta biyun ce Baba ya ba mu labari.

Isuhu Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Mu nan sefa tana ɗaure da yuro, saboda haka jikkar da ka ajiye bara, bana ma kusan jikka ce. 'Yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari da yawa in sun yi ciniki sefa suke mayar da ribarsu su ajiye, mu muna gani. Amma kada ku ɗauka mun huta. Abin ajiyar ne babu. Man Najeriya mai arha da ake saidawa a kwalabe bakin hanya ya ciyar da gidaje da yawa, cire tallafinku ya taɓa su. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara. Kuɗi mai tsayawa wuri ɗaya yana da daɗi, amma sai ka same shi tukuna.

Hajiya Balaraba Uwar Adashi:
Akwai wata baiwar Allah cikin matan da nake riƙe wa kuɗi, shekaru tana tara na Makka. A 2023 kujera tana kusan miliyan uku, saura kaɗan ta cika. A 2024 aka ce kusan miliyan biyar, ana cikin haka a watan Maris aka ce a ƙaro miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. A 2025 ta wuce miliyan takwas. Ba ta fasa zubi ba ko sau ɗaya, amma kullum kujerar ƙara nisa take. 'Yar uwarta da ta sayi sarƙar gwal da nata kuɗin tun farko, ita ta tafi. Shi ya sa yanzu duk wadda ta yi kwasa ta tambaye ni, nake ce mata in ba yanzu za ki kashe ba, ki mayar da su abu. Maman Ummi, ke ma shawarata ke nan: kayan ɗaki dai za ki saya, to ki fara saye da kaɗan-kaɗan. Abin da ba ya lalacewa kuma ba a daina yayinsa, ki saya ki ajiye. Ki bar na gaggawa kawai a banki.

Malam Habu, ni ma ina da tambaya. Kuɗin adashi ta asusuna suke bi, wata sa'a da yawa. Za a ce samuna ne?

Malam Habu Akanta:
A'a Hajiya, amana ce a hannunki, ba samunki ba. Abin da ya zama naki shi ne ladan da kike ɗauka, in kina ɗauka. Amma ki ware wa adashin asusu dabam, kada ki haɗa da na cefane ko na sana'arki, kuma littafin zubin nan ki riƙe shi da kyau, da suna da kwanan wata. In an taɓa tambaya, shi ne hujjarki.

Sadiq:
Abu ɗaya nake so mu ƙara, don kada duk yatsa ya tafi Abuja. Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai, gwamnoni da kansu suna faɗa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kuɗin tallafin ba ɓacewa suka yi ba, hannu suka canja. Me ya sa ba ma tambayar su?

Baba Mai Ritaya Zariya:
Yaro ya faɗi gaskiya a nan. Lokacin da muka fara aiki albashinmu kaɗan ne, amma muna ajiya, domin makarantar gwamnati ita ce makaranta, asibitin gwamnati akwai magani, famfo yana kawo ruwa. Yau magidanci yana biyan makarantar kuɗi, yana sayen ruwa a kura, yana sayen man janareta ko sola, yana biyan 'yan sintiri, in ciwo ya zo ya sayi har safar hannu. Duk waɗannan ayyukan gwamnati ne da aka mayar wa aljihunsa. Ko an yafe masa harajin albashi gaba ɗaya, waɗannan sun fi harajin yawa. Ciwo ɗaya mai tiyata yana share ajiyar shekara biyar. In gwamna ya gyara asibitin ƙaramar hukuma ya zuba magani da ma'aikata, ya ƙara wa kowane gida ajiya ba tare da ya raba ko sisi ba. Ni wannan nake so a riƙa auna gwamnoni da shi, ba gadar sama ba.

Alhaji na Dawanau:
Baba ya gama magana. A ƙara da taki.

Malam Nasiru:
Kasafin kowace jiha ana gabatar da shi a majalisar jiha a ƙarshen shekara, kuma ana zaman jin ra'ayin jama'a.  Malam Habu, in za ka iya ciro mana na Kano da Kaduna da Katsina ka nuna mana nawa aka ware wa lafiya da ilimi, da nawa aka saki a zahiri cikin na bara, zai fi mana amfani da muryoyin da ake turowa.

Malam Habu Akanta:
In sha Allah zan duba rahotannin aiwatar da kasafi da jihohin ke wallafawa duk wata uku, domin a nan ake ganin abin da aka saki, ba abin da aka yi alkawari ba. Sai dai ku ba ni lokaci, aiki ne mai ɗan yawa.

Kafin nan, ma'aikatan da ke zaune a gidan haya su lura da wannan, don yana cikin sabuwar dokar kuma mutane da yawa ba su sani ba: za a cire 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da ka biya a shekara daga abin da za a lissafa maka haraji a kai, iyaka naira 500,000. Amma sai ka bayyana, kuma sai da shaida.

Hajiya Balaraba Uwar Adashi:
To masu gidan haya a unguwanninmu ai ba rasit suke bayarwa ba, hannu da hannu ne, ko ta wurin dillali.

Malam Habu Akanta:
Daga bana a fara nema. A biya ta banki, a rubuta cewa kuɗin haya ne, sannan a sa mai gidan ko wakilinsa ya sa hannu a takarda mai ɗauke da adireshin gidan da adadin kuɗin da shekarar. A kai kwafi ofishin albashi na wurin aiki tun farkon shekara, kada a jira sai an riga an cire.